Mijina Ya Tuba, Amma Har Yau Yana Tsoron Miyar Kuɓewa

Mama Tabita, don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi tsawo. Ni dama ban iya taƙaita magana ba, ko a zumuntar mata aka ba ni addu'ar rufewa sai na ji ana ta gyaran murya kafin in ce amin. Amma yau ba surutu ne ya kawo ni ba. Maigidana ne yake shirin wata tafiya da nake tsoron ba zai dawo ba, kuma wai saboda Allah zai yi ta. Na yi magana har bakina ya gaji, ko gezau.

Mu Hausawa ne Kirista, ni da shi. Kakanninmu Maguzawa ne, a zamanin iyayenmu bishara ta shigo gidajenmu. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, ba zan faɗi sunansa ba, yanzu kuwa muna zaune a Ƙanƙara tun da zaman ƙauyen ya gagara. Shi zan kira shi Baban Ladi, Ladi ita ce babbar ɗiyarmu. Mutum ne mai sanyin hali, manomi, kuma shi yake jan waƙa a majami'armu ta ƙauye. Idan ya ɗaga murya har maƙwabtanmu Musulmi sukan ce sun san mun shiga sujada. Ki riƙe wannan, don ki san irin mutumin da yanzu ba ya ko buɗe baki idan ana waƙa.

Lokacin da 'yan bindiga suka matsa mana, mazan garin suka haɗa kai, Musulmi da Kirista, suka shiga aikin sa-kai. Ya shiga, shi da ƙanensa Istifanus da maƙwabcinmu Malam Harisu. Ban hana shi ba, wa zai hana namiji tsaron gidansa? Ana cikin haka wani ya kawo musu labarin wani tsoho a daji can bayan Sabuwa, wai yana ba da maganin bindiga. Su uku suka tafi ba su gaya wa kowa ba, mu mata aka ce mana kasuwa aka je. Da ya dawo na ga guru a ƙugunsa, layu a dantse, ga ƙananan tsaga a ƙirji da bayansa an cusa baƙin gari a ciki. Wani kuma an dama masa a kunu ya sha. Na yi faɗa iya faɗa, ya ce in bari a samu zaman lafiya tukuna, sa'an nan ya san yadda zai yi da Allahnsa.

Maganin yana da dokoki. Kada ya ci kuɓewa, ɗanya ko busasshiya. Kada ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya. Kada ya zauna a kan turmi. Tsohon ya kuma ja musu kunne cewa ranar da mutum ya karya doka, duk harsashin da maganin ya taɓa kawar masa zai dawo ya nemo shi, in bai same shi ba ya faɗa kan 'ya'yansa. Ya ce babu mai kwance wannan ɗauri sai shi da ya ɗaura.

Wata rana da hantsi aka tare su a hanyar gona. Istifanus ya faɗi a gefen yayansa, a hannunsa ya cika. Shi Baban Ladi ko ƙwarzane bai samu ba. Ba a gama zaman makoki ba aka fara raɗe-raɗin cewa an ga Istifanus ya ci tuwo da miyar kuɓewa a wani gidan suna. Ko gaskiya ne ko ƙarya, oho, amma maganar ta shiga kunnen mijina ta zauna daram. Bayan haka ba da daɗewa ba garin ya watse, kowa ya kama gabansa, mu muka yo Ƙanƙara da surukata, wadda muke kira Iya.

A nan ne ya tashi da ƙafarsa ya je wurin Fasto ya faɗi komai. Ba wanda ya kama shi, ba wanda ya kai ƙararsa, ni ma sai daga baya na ji. Dattawan ikkilisiya suka sa shi a horo, kin dai san yadda ake yi: ya koma bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi a sujada, ba jan waƙa. Guru da layun aka zuba musu kananzir a bayan majami'a, shi da kansa ya ƙyasta ashana. Ya yi watanninsa a bencin nan bai taɓa fashi ba. Ranar da horon ya ƙare Fasto ya kira shi gaba ya sanar an karɓe shi, aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa kuka na yi ta yi kamar an yi mini mutuwa, don daɗi.

Na dawo gida na tuƙa tuwon masara, na kaɗa miyar ɗanyar kuɓewa da busasshen kifi, don kafin wannan masifa babu abin da yake so kamarta. Ya wanke hannu, ya buɗe kwano, ya tsaya yana kallo. Na ga hannunsa yana rawa. Ya mayar da murfi ya rufe, ya sha ruwa ya fita. Lahadin da ta biyo, ina zaune cikin mata na waiga, sai ga shi a bencin baya, ba wanda ya ce ya koma. Aka zo da jibi ya sunkuyar da kai aka wuce shi. Haka muke har yau, an kusa shekara.

Na zaunar da shi na tambaye shi, kuma gaskiya ya ba ni amsa, ba ya ɓoye mini. Ya ce abin da wuta za ta iya ci ya ƙone, to wanda yake cikin jininsa fa? Ya ce muddin yana kauce wa igiyar shanya, yana gudun kuɓewa, to dokar tsohon nan yake bi, wanda kake bin dokarsa kuwa shi ne ubangidanka. Idan ya miƙa hannu ya ci jibi a haka, ya yi wa Allah ƙarya a gaban jama'a. Idan kuma ya karya dokar, yana ganin gawar Ladi a idonsa. Ya rasa gaba ya rasa baya. Kwanan baya Fasto ya yi wa'azi cewa duk wanda yake cikin Almasihu an 'yanta shi daga zunubi, ba bawa ba ne kuma. Kowa ya fito yana murna, nawa mijin ya dawo kamar an ɗora masa buhun masara. Ya ce wa'azin ya tabbatar masa shi ba ya ciki, don 'yantacce ba ya rawar hannu a gaban kwanon miya.

Iya kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, ita ta ƙara wa wutar itace. Ta tsufa kafin ta yi baftisma, kuma har yanzu rabin tunaninta na gidan ubanta ne. Ta ce tun kaka da kakanni wanda ya ɗaura shi yake kwancewa, a kai wa tsohon baƙin bunsuru ya warware abinsa, yaro ya dawo ya ci jibinsa da tsarki, shi ke nan kowa ya huta. Mama, bunsurun nan yana ɗaure a tsakar gidana yanzu haka, ni nake zuba masa dusa. Baban Ladi ya ce da zarar an gama yankan dawa zai kama hanya, yana so ya dawo kafin Kirsimeti. Hanyar nan ko direbobi ba sa son jin sunanta. Kuma ba wanda ya san ko tsohon yana raye, ko su wa suke zaune a wurin yanzu.

Malam Harisu ma yana nan Ƙanƙara da iyalinsa. Matarsa Halimatu Sa'adiya ƙawata ce, ita ta gaya mini cewa mijinta ya je wurin limaminsu, aka ce masa shirka ce, ya tuba ya watsar da komai, kuma yana cin kuɓewarsa har da ƙari, ba abin da ya same shi. Na roƙe shi ya zo ya yi wa mijina magana, ya zo kuwa, Allah ya saka masa. Ya ce ko da wasa ba zai raka shi wannan tafiya ba. Mijina ya saurare shi tsaf, da ya tafi sai ya ce ai Malam Harisu ba shi ne yake tsaye kusa da Istifanus ba, shi maganin bai taɓa tare masa komai ba, don haka ba abin da zai dawo ya nemo shi.

Ni kuma bakina ba shi da linzami, na sani. Makon jiya raina ya ɓaci na kira shi bawan kuɓewa a gaban yara. Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa. Ƙaramin ya kama maimaitawa yana dariya, na make shi, alhali ni na koya masa.

To ga abin da na ƙulla a raina, ke kaɗai nake gaya wa. Ina da busasshiyar kuɓewa na daka ta lukui na ƙulle. Idan na zuba kaɗan a miyar kuka ba zai gane ba. Sai in bari ya ci ya yi kwanaki, in ya ga lafiya lau yake, yara ma lafiya, sai in ce masa to ga abin da ka ci. Ina ganin da haka zan kashe tafiyar. Sau biyu ina ɗauko ƙullin ina mayarwa. Ba zan yi miki ƙarya ba, ni ma akwai ɗan tsoro a can ƙasan zuciyata. Lokacin zazzaɓi ne, idan na zuba Ladi ta kwanta fa?

Kuma abin ya sa ni kaina na fara tambaya. Mene ne wannan 'yanci daga zunubi da ake faɗa mana? Ina yarinya aka yi mini baftisma, ga shi har na fara furfura harshena yana nan yadda yake. Idan 'yanci shi ne mutum ya daina jin jan zunubi, to wallahi a bencinmu na mata ban ga 'yantacciya ba, har da matar Fasto. Idan kuma magana ce kawai ta baki, mutum yana nan a ɗaure ana ce masa an sake shi, to ina amfaninta ga mijina? Na so in je wurin Fasto, amma Baban Ladi ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, yana tsoron a sake mayar da shi horo a gaban jama'a. Ba ya barcin kirki, ya rame, wandunansa duk sun yi masa yawa. Dawa kuma ta nuna, an fara yanka a gonakin hanyar 'Yargoje.

In zuba ko kada in zuba? In karya alkawari ko in yi shiru? Mijina 'yantacce ne ko bawa ne? Ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki cikin damuwa,
Maman Ladi, Ƙanƙara

AMSAR MAMA TABITA

Ɗiyata Maman Ladi, na karanta har ƙarshe, ban kuma yi gyaran murya ba. Ina yi muku ta'aziyyar Istifanus, da ta garinku da kuka bari. Allah ya ta'azantar da ku.

Bari in fara da ƙullin nan. Kada ki zuba. Na san ƙauna ce ta kawo dabarar, amma ki duba inda za ta kai ki. Ya ci bai sani ba, kin gaya masa, daga ranar duk ciwon kan da ya shigo gidan nan, duk tuntuɓen da yaro ya yi, miyarki ce. Sai tafiyar da kike son kashewa ta zama ta gaggawa. Kuma mutumin da ya rasa ƙane ya rasa gari, abu ɗaya da ya rage masa wanda yake ci ba tare da dubawa ba shi ne tuwon hannunki. In kika taɓa wannan, kin raba shi da wurin hutawarsa na ƙarshe. Tsoro ne yake damunsa, tsoro kuwa ba a yi masa magani a ɓoye.

Kafin in faɗi inda mijinki ya kuskure, ki bari in tsaya masa kaɗan. Ba rago ba ne. Ƙanensa ya mutu a hannunsa. Da ƙafarsa ya kai kansa wurin Fasto alhali da ya yi shiru ba mai sani. Yana ƙin jibi ne don ba ya son yi wa Allah ƙarya, ina ma da yawanmu muna da rabin wannan tsoron Allah. Ke ma kina da gaskiyarki: tafiyar nan kuskure ce, a wajen bangaskiya da wajen hankali duka. Amma sunan nan da kika kira shi, ki janye shi a inda kika faɗe shi, a gaban yaran. Yana da isassun muryoyi a kansa masu ce masa bawa.

Yanzu tambayarki. Mijinki ya ɗauka 'yanci daga zunubi shi ne mutum ya wayi gari ba ya jin tsoro, ba ya jin jaraba, kamar ba a taɓa yin komai ba. Bangaskiyarmu ba ta koyar da haka ba. Abin da Maganar Allah ta koya mana shi ne, da farko, an ɗauke mana hukuncin. Laifin zuwa wurin tsohon nan laifi ne na gaske, amma Yesu Almasihu ya ɗauke shi a kan gicciye. Ba kananzir ɗin bayan majami'a ne ya share shi ba, ba kuma watannin bencin baya ba. Waɗannan shaida ce a gaban mutane cewa ya tuba. Gafarar kanta kyauta ce, ta alheri, kuma an riga an ba shi. Wanda ya mayar da kansa bencin baya yana ƙoƙarin ƙarasa aikin da Ubangiji ya ce ya gama.

Sa'an nan an canja mana ubangida. Zunubi yana iya kira, yana iya tsawa, yana iya tsoratarwa, amma ba shi da ikon mallaka a kan wanda yake na Almasihu. Ku mutanen Ƙanƙara kun fi ni sanin misalin da zan ba ki. Kin ga waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa. Mutum yana cikin ɗakinsa, cikin 'ya'yansa, amma sai ya nemi izini kafin ya fita bayan gida, ya ɓoye ragowar tuwo a aljihu, ya zabura idan babur ya wuce. Za ki ce har yanzu yana tsare? A'a. An sake shi tun ranar da aka sake shi, jikinsa ne bai gama jin labari ba. Kuma ba wanda zai ce masa ya koma daji ya nemi sallama a wurin waɗanda suka tsare shi don ya samu natsuwa. Rawar hannun mijinki a kan kwano irin wannan ce.

Abin da ba a yi mana alkawarinsa a wannan duniya ba shi ne a ce zunubi ya ɓace daga kusa da mu gaba ɗaya. Wannan sai ranar da Ubangiji zai dawo. Kafin nan akwai kokawa, Ruhu Mai Tsarki yana aiki a cikinmu a hankali, yau a ci nasara gobe a faɗi a tashi. Shi ya sa harshenki yake nan, shi ya sa nawa ma yake nan. Amma ki lura, da kika faɗi maganar nan ranki ya sosu har kika rubuto mini. Wanda zunubi yake mulkinsa ba ya jin wannan ciwon, daɗinsa ma yake ji. Don haka ba maganar baki ba ce kawai. Dā ba mu da ikon cewa a'a, yanzu muna da shi, ko da muryarmu tana rawa. Kuma an sake mu ne domin mu bauta wa Allah da ƙauna, ba domin kowa ya yi abin da ya ga dama ba. A wajen mijinki, bautar nan har da muryar da ya rufe.

Zancen abin da yake cikin jini, ba zan yi masa dariya ba, ke ma kada ki yi. Maganar Allah ba ta ce babu ikokin duhu ba, cewa ta yi an ci nasara a kansu. Aska ta shiga fata ne kawai, wanda ya halicci fatar da jinin da ɓargon ya fi ta zurfi. Tabon tsagar zai zauna a ƙirjinsa har tsufa, wannan ba komai. Ubangijinmu ma da ya tashi daga matattu da tabon ƙusoshi ya tashi, bai kuwa zama alamar cewa mutuwa tana riƙe da shi ba. Ki kuma taya shi duba irin wayon tsohon nan: wanda ya rayu, magani ne ya yi aiki, wanda ya mutu, shi ya karya doka. Ta kowace hanya shi ba ya faɗuwa. Miyagu ne suka kashe Istifanus da bindiga a hanyar gonarsa. A ce miya ce ta kashe shi, an ɗauke laifi daga kan masu laifi an ɗora wa mamaci, kuma mijinki bai kamata ya yarda a yi wa ƙanensa haka ba. Ina zaton bai taɓa samun sarari ya yi kukan ƙanen nan yadda ya kamata ba. Ki ba shi wannan sararin, ki rufe bakinki ki saurara, na san zai yi miki wuya.

Tafiyar kuwa, ki faɗa masa a fili cikin ladabi: ranar da ya durƙusa gaban tsohon yana roƙon a kwance shi, ranar ce zai amsa da bakinsa cewa tsohon yana da iko a kansa. Bunsurun kuma hadaya ce sabuwa. Zai je wanke zunubi da zunubin da ya tuba daga gare shi, a kan hanyar da za ta iya mayar da ke gwauruwa.

Alkawarin da kika yi masa, alkawarin da zai kai mutum ga halaka ba a riƙe shi. Amma kada ki zagaya ta bayansa. Ki same shi yau ko gobe, kada ki jira a gama yankan dawa, ki ce ba za ki iya riƙe wannan ke kaɗai ba, za ki je wurin Fasto, kina roƙonsa ku tafi tare. Horo na mai taurin kai ne da ya ƙi tuba, ba na mai tsoro ba, kuma ina sa rai Fastonku ya san bambancin. Ku roƙa a yi zaman a keɓe. Ku kuma roƙa a kira wani dattijo da ya fito daga gidan tsafi, ba za a rasa ba a ikkilisiyar da kakanninta irin naku ne, wanda zai buɗe rigarsa ya nuna masa nasa tabon, ya gaya masa shekarun da ya yi yana cin jibi da shi. Wannan zai fi wa'azina shiga.

Iya, kada ki yi faɗa da ita. Uwa ce da ta binne ɗa ɗaya tana neman tsare na biyu da abin da ta sani. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta a hankali ko za ta iya jure zaman jiran dawowarsa daga wannan hanya. Ina ganin za ki samu abokiyar hana tafiya a inda ba ki zata ba. Bunsurun, ki ba mijinki shawara ya kai wa matar Istifanus da marayunta, amma shi zai yanke, ba ke ba. Ki gode wa Malam Harisu da matarsa, maƙwabta ne na gari. Rashin barci da ramar nan kuma ku je asibiti a duba shi, wanda ya ga abin da ya gani yana bukatar likita kamar yadda yake bukatar addu'a, babu kunya a ciki.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Mijinki ya jera abin a juye. Yana so ya daina tsoro tukuna, sa'an nan ya zo teburin Ubangiji. Teburin kuwa an shimfiɗa shi ne domin masu rauni su ci su sami ƙarfi. Ya fara zuwa, sauran za su biyo baya a lokacinsu, da saninsa, da hannunsa, ba da dabarar kowa ba. Wataƙila wata ɗaya, wataƙila shekara, ba zan yi miki alkawarin rana ba, ba zan kuma ce lalle zai saurare ki da farko ba.

Kin tambaye ni ko 'yantacce ne ko bawa. 'Yantacce ne, ɗiyata, tun ranar da ya tuba, shi ne dai bai yarda ba tukuna. Idan ya ce miki har yanzu yana jin tsoro, kada ki ce masa ya daina. Ki ce ya taho da tsoron nasa. Yesu da ya mutu dominsa ya san da tsagar nan tun ba a yi ta ba, bai kuwa fasa ba.

Allah ya tsare muku shi, ya kwantar da hankalin gidanku, ya dawo da salama ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara baki ɗaya. Ki gaida Iya da yara. Ina sa ku a addu'a.

Mama Tabita